Ƙarin Zanen Sauda

Madubin ɗakinmu hulata kawai yake nuna min. Sauda ce ta kafa ƙusarsa shekara ashirin da biyu da suka wuce, daidai fuskarta, kuma tun daga ranar nake gyara zaman hula da ido, sauran fuskar na bar wa Allah. Da ta tafi Malesiya karatu na yi niyyar sauko da shi. Har sau biyu ina ɗauko guduma. Yana nan inda yake.

Sunana Sabitu, aikina safiyo. Shekara ashirin da shida ina awon filaye a Bauchi. In ka tashe ni daga barci ka tambaye ni faɗin filin wane a hanyar Gubi, zan faɗa maka har da incin da maƙwabcinsa ya ci masa. Amma da alƙali zai tsare ni ya ce in faɗi tsawon matata, sai dai in ɗaga hannu sama in ce, "Kamar nan."

Sauda doguwa ce, irin tsawon da in ta shiga gidan biki hira ke ɗan tsayawa kafin ta ci gaba. Takalminta lamba arba'in da biyar, a layin maza ake samo shi. Ni kuwa Allah ya ajiye ni kusa da ƙasa, wataƙila don ya san sana'ar da zan yi. Ranar ɗaurin aurenmu wani kawuna ya ce an hutar da ni sayen tsani, aka yi dariya, ni ma na yi. Ita ma da labarin ya kai mata cikin gida an ce ta yi murmushi. Murmushin nan ta riƙa yi shekara da shekaru, a kasuwa, a asibiti, a bakin keke in direba ya ce sai ta biya kuɗin mutum biyu saboda gwiwoyinta. 'Yarmu ɗaya, Ummi, tana karatu a Zariya. Tsawona ta ɗauko, kuma na taɓa jin tana yi wa Allah godiya a kan haka, ba ta san uwar na bayan ƙofa ba.

Sauda malama ce a jami'ar da ke Gubi. Ruwan dam take bincike, abin da ke cikinsa da abin da bai kamata ya kasance a ciki ba. Da aka ba ta gurbin digiri na uku a Malesiya, shekara uku, ban ce kada ta je ba. Na ce, "Allah ya ba da sa'a." Sai dai na faɗe shi yadda ake faɗa wa maƙwabcin da ya sayi filin da kai ma ka daɗe kana kallo. Ta ji. Sauda ba ta rasa jin irin wannan.

Wata biyu ta yi tana shirin kaya. Kowace Asabar da hantsi sai ta shige ƙuryar ɗaki ta tura ƙofa, in riƙa jiyo keken ɗinkinta. Tun farkon aurenmu haka take yi in ta sami sabuwar atamfa, kuma ban taɓa tambaya ba, don na ɗauka harkar mata ce. Ta cika ƙatuwar akwati da zannuwa da riguna da takalma ƙafa huɗu, duk abin da take da shi mai kyau. Akwatin ya hau jirgi a Abuja, ita ma ta hau. Ita kaɗai ta sauka a can. An ce a inda suka canza jirgi ya ɓace, aka ba ta takarda ta cike, aka ce za a kira ta. Har yau ana kan kiranta.

Ranar ta buga min waya daga filin jirgin, muryarta wata iri. Ni kuma da ke da hikima na ce, "To, Maman Ummi, a can babu kasuwa ne?"



"Akwai," ta ce.

Abin da ya tsira shi ne abayar da ke jikinta, da zane biyu da riga biyu da ta cusa a jakar hannu, da koren hijabi.

Sun riga mu da awa bakwai, don haka bayan na dawo daga sallar asuba muke magana, ita kuma azahar ta kusa a wajenta. Nakan jingina wayar da gwangwanin sukari, in buɗe ledar masar da na sayo a bakin masallaci, ita kuma ta fito a allon daga wuya zuwa sama, cikin koren hijabi. Kullum koren hijabi. Takan tambaye ni ko na biya mai ruwa, ko Ummi ta kira, ko na sha maganin hawan jini. Ni kuma in tambaye ta karatu. Ta ce alhamdu lillahi. Daga nan sai mu kalli juna kaɗan, ta ce za ta koma ɗakin gwaji. In na kashe wayar sai in hau kujera 'yar tsugunno in mayar da gwangwanin sukarin kan kantar sama, inda ta saba ajiye shi. Babu wanda zai hana ni ajiye shi ƙasa. Na sani.

Gidanmu a Gwallaga yake, inda ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce sannu. Babura, masu tallar ruwa, injin markaɗen gidan baya, lasifikar masallatai uku. Ban taɓa sanin gida zai iya yin shiru a tsakiyar wannan duka ba sai da ta tafi.

Wata biyar da tafiyarta na ga ya dace in nuna ni ma miji ne. Na shiga kasuwar Wunti na sayi atamfa turmi uku, na kai wa telana, Hammajoda, a Ƙofar Dumi. Shekara goma sha biyar yana min kaftani, bai taɓa taɓa kayan mata ba, amma bai ga dalilin da zai sa ya faɗa min haka ba.

"Dogayen riguna nake so," na ce. "Na Hajiya."

"Awonta fa?"

Na tsaya jikin bango na ɗaga hannu. "Kafaɗarta kamar nan."

Ya ɗauko alli ya yi zane a bangon, ya ja baya yana kallo. "Safiyo, wannan awon da ɗage ne ko ba ɗage?"

"Kai dai ka ƙara inci biyu."

"An gama. Ko raƙumin dawa ne sai ta ja masa ƙasa."

Wata ɗaliba mai komawa can ta kai mata. Washegari Sauda ta ce, "Sun iso, Abban Ummi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi." Na jira in gan ta cikin ɗaya. Mako guda, koren hijabi. Mako biyu, koren hijabi. A na uku ne ta ɗan gyara zama, sai na hango labulen tagar da ke bayanta, ruwan goro da zanen ganye. Na san atamfar, ni na zaɓe ta.  Na yi fushi kwana tara, irin fushin da ake yi da gajerun amsoshi, kuma ban tabbata ta lura ba.

Sai da ta shekara da wata biyu a can sannan na ji gaskiyar lamarin, daga bakin Malam Habila. Abokin aikinta ne a Gubi, mutumin Bogoro, su biyu aka tura jami'a ɗaya. Ya zo hutun mako biyu ganin iyali, ya biyo ta gidanmu da la'asar ya kawo min ganyen shayin da ta aiko. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa da kaina, na ba shi haƙurin gidan da babu mace.

"Oga Safiyo," ya ce bayan mun gaisa, "zan faɗi wata magana, amma kada Madam ta ji daga ni ne."

"Daga wa kuma za ta ɗauka? Mutum nawa ne suka zo daga Malesiya yau?"

Ya yi dariya, sannan ya daina. "Madam ba ta fita. Daga ɗaki sai ɗakin gwaji. Da Sallah 'yan Najeriya suka yi taro, har ni Kirista na je na ci tuwo, ita ba ta zo ba."

"Ai dama ba mai son taro ba ce."

"Ba haka ba ne. Ka san mutanen can ƙanana ne, kamar..." Ya dube ni, ya sha ruwa. "Ƙanana ne dai. Rigar da ta fi kowacce tsawo a kanti, in Madam ta kara a jikinta, a ƙwauri take tsayawa. Hannun riga kuma a gwiwar hannu. Takalmi ba a ma magana, silifas ɗin maza take sawa."

"Teloli fa?"

"Ta je sau ɗaya, da wata 'yar Katsina. Telar ta hau kujera don ta auna kafaɗar Madam. Sai ta kira ta shagon kusa ta zo ta gani, ita ma ta kira wata. Kafin a gama awo mata sun kai takwas, wasu na tsayawa kusa da ita ana ɗaukar hoto. Ba da mugunta ba, suna ta dariya suna cewa ma sha Allah. Madam ta tsaya har suka gama, ta yi musu murmushi, ta fito. Ba ta koma karɓar ɗinkin ba. Kasuwar ma ba ta sake zuwa ba."

Na san murmushin. Na ce, "Rigunan da na aika fa?"

Habila ya kalli rufin zaure. "Labulen ya yi kyau sosai, Oga."

Daga nan ya zo kan abin da ya kawo shi. Akwai babban taron masana ruwa a babban birnin Malesiya nan da mako uku. Farfesan da ke duba aikinta ya sa sunanta ta gabatar da bincikenta a gaban mutum ɗari biyu, ita kuma ta ce masa ba ta jin daɗi, a ba wani.

"Kuma wanda ya tsaya a taron nan," in ji Habila, "shi farfesa zai riƙe, ya ba shi aikin shekara ɗaya bayan an gama digiri. Kowa ya san ita yake so. Amma ba za ta hau dandamali da zanen da ta wanke sau ɗari ba. Ni ranar Alhamis ta sama zan koma. Ina da wurin kilo biyar a akwatina."

Na raka shi bakin titi ya hau keke. A hanyar dawowa na lissafa, lissafi kuwa sana'ata ce. Shekara uku ta zama huɗu. Kuma zan faɗi abin da na ji, tunda babu wanda ya tilasta min rubuta wannan: daɗi na ji. Ashe duk watannin nan ina tsoron ƙasar za ta yi mata daidai, ta ga tituna masu tsabta da wutar da ba a ɗaukewa ta tuna da Gwallaga da ɗan guntun mijinta ta ce a kai kasuwa. Sai ga shi ƙasar ba ta da ko rigar da za ta shige ta. Ba sai na ce kada ta tsaya ba. Ba sai na ce komai ba. In na yi zamana har Alhamis ta wuce, telolin Malesiya za su dawo min da matata a kan lokaci.

Na yi zamana kwana biyu. Na je ofis, na auna filin wani Alhaji a bayan Gubi, na ci shinkafa a gidan abinci, na dawo.

A rana ta uku da safe na tambaye ta, kamar abin bai dame ni ba, "An ce akwai wani taro?"

"Habila ya cika surutu," ta ce. "Ba sai na je ba. Akwai wani yaro ɗan Indonesiya, zai yi ƙoƙari. Allah ya ba shi sa'a."

Na san yadda ake faɗar wannan addu'ar, ni na koya mata. Sai wani ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta miƙe ta bar wayar a jingine, a karon farko na gan ta daga wuya zuwa ƙasa. Zanen shuɗi ne a da. Na tuna ranar da na sayo shi. Yanzu ya koma kalar ruwan wanki, ga faci a daidai gwiwa, ɗinkin hannu, ƙanana ƙanana a jere yadda take komai nata. Ta dawo ta zauna, ta tambaye ni ko na sha magani.

Masar ranar kaji suka ci.

Telar Sauda ta gaskiya ita ce Madam Felicia, wadda kowa ke kira Maman Ƙauna, tana da shago a wani lungu bayan Wunti. Na sha sauke Sauda a bakin lungun, ban taɓa shiga ba. Na sayi turmi huɗu na je. Na tarar da ita da tabarau a kan hanci da allurai uku a baki.

"Baban Ummi da kansa," ta ce bayan ta zare alluran. "Yau za a yi ruwa. Yaya Malama? Ya manta da mu."

Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Na yi mata bayani, har da rigunan Hammajoda, don na ga gara ta ji daga gare ni. Ta yi dariya har ta cire tabarau.

"Ka kai wa telan maza? Da hannu ka auna? Kai da kake auna ƙasar gwamnati?"

"Na ƙara inci biyu."

"Ka kyauta." Ta shafa atamfofin ɗaya bayan ɗaya. "Riga ba matsala, awonsa yana kaina. Hannu inci ashirin da takwas, ba ni da wani kwastoma haka. Ɗankwali ma ba matsala. Amma zane, ban taɓa yi masa ba."

"Zane ai yadi biyu ne a yanka a kalmashe."

"Na matarka?" Ta warware turmi ɗaya ta kara a jikinta. "Duba. Faɗin atamfa inci arba'in da biyar ne, ko na Holan ko na Kano, kamfani bai san da Malama ba. Ni in na ɗaura, ya kai idon sawu har na naɗe sama. Shi in ya ɗaura, ina zai tsaya?"

Na yi lissafin a kaina. Bai kai ba. Ko kusa bai kai ba. Amma shekara ashirin da biyu ina ganin zanen Sauda yana sharar bayan ƙafarta.

"To yaya take yi?"

"Ni zan tambaye ka. A gidanka yake kwana. Kullum in na gama riga sai ya karɓi yadi biyunsa ya ce zai ƙarasa a gida. Je ka nemo min tsohon zanensa ko ɗaya ne, mu gani."

Na birkice ɗakin. Durowa babu komai sai ɗankwalaye biyu da ƙamshin turarenta. Sai can na hango wani tsohon zane rataye a ƙusa bayan ƙofar ƙurya, sama, inda idona bai saba zuwa ba. Wanda take ɗaurawa in za ta yi shara ne. Na jawo kujerar, na hau, na sauko da shi, na shimfiɗa a kan gado.

A gefen sama, wanda ke shigewa ƙarƙashin riga, an ɗinka wani ƙyalle mai faɗin tafin hannu da rabi, daga wannan baki zuwa wancan. Ba atamfa ba ce. Shadda ce ruwan toka, ta sha wanki har ta yi laushi kamar auduga, an haɗa ta gida uku don ta kai tsawon. A gida na tsakiya akwai tabon tawada shuɗiya, da sawun inda aka farke aljihu.

Na zauna a bakin gadon. Birona ne ya fashe a aljihun nan ranar da muke awon filin makaranta a hanyar Ningi. Kaftanin ya ɓace shekara tara da suka wuce, kuma na san wanda ya ɓatar da shi: Bappa mai wanki, na bakin masallaci. Na tsaya a gaban mutane na ce masa wannan ne na huɗu, in sayarwa yake ya faɗa min in riƙa saye a hannunsa. Ya rantse, ban yarda ba, na ɗauke wankina na kai wani wuri. Da na dawo gida ina faɗa, Sauda tana tankaɗe, ta ce, "Ka bar shi, Abban Ummi, ai ya tsufa dama." Na ɗauka kaftanin take nufi. Ko Bappan. Ban tsaya tambaya ba.

Maman Ƙauna ta juya zanen ciki da bai, ta bi ɗinkin da farce. "Wannan mata," ta ce a hankali. Karo na farko da na ji ta ba wani jinsinsa daidai. "Ka ga, in ya ciro ƙarin daga turmin, hannun riga ba zai fita ba, yadi shida bai ishe shi. Dole a nemo wani ƙyalle."

"Sai in sayo yadi. Wane iri?"

"Sabo? A ƙugu? Ƙasar da Habila ya ce zafi kamar kicin? Zai ci masa fata, kuma sabo santsi yake, zane zai kwance a gaban turawa. Sai tsoho wanda ya sha ruwa ya sha bugu. Zane huɗu, ƙyalle huɗu, kowanne yadi biyu." Ta dube ni daga hula zuwa takalmi, ba ta daɗe ba ta gama. "Kaftaninka ɗaya ba zai ba da ko biyu ba."

Ina da babbar riga guda ɗaya, fara, mai aikin hannu a wuya. Da ita nake zuwa Juma'a shekara goma sha ɗaya, da ita na je sunan 'ya'yan abokai da jana'izar iyayensu. Ita kaɗai ce tufar da in na sa nake cika ƙofa, ko da a faɗi ne. Washegari na kawo ta cikin leda.

Maman Ƙauna ta shimfiɗa ta a tebur ta ɗauki almakashi, sannan ta tsaya. "Baban Ummi, Habila ya ce in Malama ya je taron nan za su riƙe shi wata shekara. Cocinmu ɗaya da matarsa, na ji. Ka sani?"

"Na sani."

"To."

"Ki yanka ta gefen hannu, ya fi laushi," na ce, kamar na san abin da nake faɗa. Na fita waje na tsaya kallon masu gyaran babur har ta gama.

Ranar Laraba da yamma na kai wa Habila ƙullin: riga huɗu, zane huɗu, ɗankwali huɗu, da takalmi ƙafa ɗaya da wani mai ɗinkin fata a Ƙofar Dumi ya yi a kan tsohon silifas ɗinta, ya ɗora masa 'yar fulawa don a san na mace ne. Habila ya ɗora a sikeli, kilo biyar da rabi. Ya cire ledar kilishinsa ɗaya ya miƙa min.

"Saƙo fa, Oga? In ce me?"

"Ka ce Maman Ƙauna na gaishe ta."

Ranar Juma'a na je masallaci da kaftani. Mutum uku suka tambaye ni ko lafiya.

Ranar da kayan suka isa, godiya kawai Sauda ta yi irin ta wancan karon, kuma cikin koren hijabi. Na ce a raina, to, an sami labulen ƙofa. Kwana goma sha biyu bayan haka na dawo daga asuba na jingina waya, sai ga hoto ya shigo kafin kira. Wani zaure ne mai fitilu, ga allo a bayanta da taswirar dam ɗin Gubi. Tana tsaye a bayan teburin magana da bai wuce ƙugunta ba, an ɗaga mata makirfo har ƙarshen sandarsa. Atamfa ruwan hoda, hannun riga har wuyan hannu, zane yana taɓa fulawar takalmi. Ba murmushin nan take yi ba. Bakinta a buɗe yake, hannunta ɗaya a sama, tana yi wa mutum ɗari biyu bayani.

Sai kiran ya shigo. Tana wani dogon baranda, mutane na wucewa a bayanta, ɗankwalin a kanta.

"Abban Ummi."

"Na'am, Dakta."

"Tukuna dai." Ta matso da wayar. "Da me kake zuwa Juma'a?"

"Da ƙafa."

"Har da guntun aikin wuyan Maman Ƙauna ta bari a ciki. Ina jin sa a nan." Ta dafa ƙugunta.

"Mai wanki ne ya ɓatar da ita," na ce. "Kin san halinsu."

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa, ta juya wa masu wucewa baya. Da ta juyo idonta ya yi ja. "Na so in faɗa maka tun lokacin. Kunya nake ji. Mace har sai an yi mata ƙari kamar rumfa."

"Kaftani nawa?"

"Bakwai."

"Huɗu na ƙirga."

"Sauran ba ka lura ba." Ta goge ido da bakin ɗankwali. Wani ya kira ta daga nesa, ta ɗaga masa hannu ya jira. "Farfesa ya yi min maganar aikin. Shekara ɗaya bayan na gama. Na ce sai na tambayi maigida."

Na kalli gwangwanin sukari, na kalli ledar masa. Injin markaɗen gidan baya ya tashi.

"Allah ya ba da sa'a, Maman Ummi," na ce. Na saurari kaina da kyau lokacin da nake faɗa. Bai fita yadda nake so ba gaba ɗaya, amma ya fi na farko.

"Amin," ta ce. "Suna jira na, za a ci abinci. Ka sha magani?"

Kiran bai kai minti shida ba. Tun daga ranar ma ba ya wuce haka, don yanzu tana da wuraren zuwa. Ranar Asabar an gayyace ta walima, ranar Lahadi 'yar Katsina za ta kai ta bakin teku. Nakan ga atamfofin suna zagayowa ɗaya bayan ɗaya, kuma na san zane huɗu ba za su kai mace kusan shekara uku ba.

Don haka na sayi shadda yadi goma, fara, na kai wa Hammajoda ya yi min babbar riga, na ce ya yi ta da faɗi sosai. Da ya gama ban sa ta ba. Na naɗe ta na nufi bakin masallaci, inda Bappa ke zaune a gaban gungumen bugunsa, ya ƙara tsufa, ya yi kamar bai gan ni ba.

Na yi sallama, na tsuguna, na ce na zo ba shi haƙuri a kan maganar kaftani, an gano ɓarawon.

"Waye?"

"Na gida ne."

Ya daɗe yana kallona. "Shekara tara, Safiyo."

"Na sani, Bappa. A yafe min."

Ya karɓi rigar ya warware, ya shinshina. "Wannan ai sabuwa ce dal. Me zan wanke a ciki?"

"Ka wanke ta kawai. Kada ka sa sitaci. Ka buge ta da kyau, in ta bushe ka sake wankewa. Duk mako zan riƙa kawo ta."

"Za ta mutu kafin shekara."

"Kafin wata shida nake so," na ce.

Ya girgiza kai, ya jefa ta cikin baho. Na tsaya har ta jiƙe, sannan na koma gida, don na bar sukari a ƙasa.